Doya ba iri ɗaya ba ce

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Zaki Biam ta jihar Binuwai, ya ga ana loda doya ƙwarya-ƙwarya a manyan motoci, ba zai yi mamaki ba idan aka ce masa Najeriya ce ke noma kusan kashi biyu cikin uku na doyar duniya. Sai dai yawancinmu girma da farashi kawai muke dubawa, abin da ke cikin saiwar kuwa ba mu cika tambaya ba.

Farar doya, wadda ake kirɓa sakwara da ita, sitaci ne ya fi yawa a cikinta, shi ya sa take danƙo a turmi. A giram 100 na ɗanyar doya akwai sinadarin fotasiyam kimanin miligiram 800, ga bitamin C, amma furotin ɗinta bai kai giram 2 ba. Don haka uwar da ta haɗa wa yara doya da ƙwai, ko ta zuba wake da alayyahu a fate, ta yi abin da ya dace. Rawayar doya ta samo launinta ne daga karotin, dangin wanda ke cikin manja. Doyar ruwa ba ta kai fara danƙo ba, kuma akwai irinta mai launin shunayya da mutanen Filifin ke kira ube. Ƙaiƙayin nan da ke kama hannun mai feraye kuwa, wasu ƙananan ƙwayoyin okzalet ne masu tsini kamar allura.

Inda nake so mu nutsu shi ne batun magani. Gaskiya ne wasu doyoyin daji na ɗauke da sinadarin dayosjenin. A farkon shekarun 1940 wani masani Ba'amurke, Russell Marker, ya tafi Meziko, ya tono doyar daji, ya sarrafa wannan sinadari zuwa furojestaron, wanda ke taimaka wa mace riƙe ciki. A 1944 aka kafa kamfanin Syntex kan wannan aiki, kuma ta wannan hanya aka kai ga ƙwayoyin tazarar haihuwa. Amma a ɗakin gwaji aka yi wannan juyi, mataki bayan mataki. Jikin ɗan Adam ba ya iya yin sa. Saboda haka duk mai tallar da ya ce wa 'yar'uwarmu garin doyar daji zai ba ta haihuwa, ya faɗi abin da bincike bai tabbatar ba. Abin na ci mini rai, domin matan da ke cikin damuwa su ake karɓe wa kuɗi.

Akwai kuma haɗari. Doya mai ɗaci ta daji tana da guba mai taɓa jijiyoyi, har ta jawo jijjiga. Mutanen da suka gaje ta sukan yanyanka ta, su jiƙa kwanaki suna sauya ruwa, kafin su dafa. Wanda bai san ta ba, kada ya kusance ta, kuma a ja wa yara kunne.

Masu ciwon suga, ba a ce ku rabu da doya ba, amma malmalar sakwara biyu sitaci ne mai yawa. Ku rage, ku yawaita miyar ganye, ku kuma tambayi likitanku gwargwadon da ya dace da ku.