Dinaren Tadmakka da ba su da tambari

Zainabu: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Malam Habu, tun makon jiya ake ta aiko mana da tambayoyi a kan Tadmakka, wato kufan Essouk da ke kusa da Kidal a arewacin Mali.

Malam Habu: Sun yi daidai da suka tambaya, Malama Zainabu. A shekarar 1068 masanin labarin ƙasa al-Bakri ya rubuta cewa mutanen garin suna ciniki da dinare na tsantsar zinariya wanda ba a buga masa tambari ba. Shi kuwa yana zaune ne a Andalus, a yankin Sifaniya ta yau, daga bakin fatake da littattafan magabata ya tara labarinsa, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukar zancen da shakku. Sai a 2005 masanin tono kayan tarihi Sam Nixon ya haƙa wurin, ya tono gutsattsarin mazubin yumɓu masu ƙananan ramuka, aka duba su aka ga burbushin zinariya a manne.

Nasiru: Ke nan a garin ake zuba kuɗin?

Malam Habu: A can ake zuba su, tun wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Binciken da masanin ƙarafan dā Thilo Rehren ya yi tare da Nixon ya nuna maƙeran garin suna dake gilashi su haɗa da garin zinariya a narka, gilashin ya kwashe yashi da datti, zinariyar ta taru wuri ɗaya. Wannan ilimi ne na gwanaye, kuma yana damuna yadda har yanzu ake koyar da yara cewa mutanen Sahara dakon kaya kawai suka yi wa Larabawa.

Zainabu: Akwai kuma rubutun Larabci da ke jikin duwatsu, wanda masanin tarihi Paulo de Moraes Farias ya nazarta, wasu tun farkon ƙarni na 11.

Malam Habu: Haka ne, amma bari in ƙarasa zancen tambarin. A ganina, wanda zai kai zinariya arewa ya fi son ta babu sunan kowane sarki, domin kowace masarauta ta buga nata.

Nasiru: Mun yi alkawarin taɓo malaman Kel Essouk na Nijar, wato Abzinawan da ke danganta asalinsu da wannan gari, ga shi lokaci ya ƙure, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.