Ƙaramin Rubutun da Ke Jikin Kwalin Magani

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan kwalin da kuke gani a hannuna yana ɗauke da suna biyu. Na sama, wanda aka rubuta da manyan haruffa masu launi, shi ne Panadol, sunan da kamfani ya raɗa wa hajarsa. Na ƙasa, wanda sai an kusanto da ido ake iya karanta shi, shi ne farasitamol, ainihin sinadarin da ke aiki a jikin mai sha. Yawancinmu na sama muka haddace, alhali na ƙasan ne ya kamata mu riƙe.

Mu ɗauki magidancin da zazzaɓi da mura suka kama a unguwar Mabera ko Runjin Sambo da ke Sakkwato. Da magariba ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa magani, aka ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a farar leda ba tare da kwali ko suna ba. Da ya isa gida uwargida ta ba shi Panadol biyu, maƙwabci kuma ya miƙo masa maganin mura. Abin da bai sani ba shi ne, galibin magungunan mura suna ɗauke da farasitamol, haɗin kemis ma da wuya a rasa shi a ciki. Iyakar abin da babban mutum mai lafiya zai sha cikin awa 24 giram 4 ne, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500. Idan aka zarce haka hanta ce ke ɗaukar nauyin, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a ranar farko mutum zai iya jin garau, sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya, lokacin da ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Haka abin yake ga ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu aikin ƙarfi da tsofaffi masu ciwon gwiwa ke yawan sha. 'Yan gida ɗaya ne, don haka haɗa su ba ya ƙara sauƙin ciwo yadda ake zato, sai dai ya ƙara haɗarin gyambon ciki da zubar jini da lalacewar ƙoda, musamman a watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 jiki na fama da ƙarancin ruwa. Mai hawan jini kuwa, waɗannan ƙwayoyin suna rage ƙarfin maganin da likita ya ɗora shi a kai.

Abinci ma yana shiga tsakani, kuma fura da nono misali ne da ke gabanmu kullum. Idan aka rubuta maka ciprofloxacin, wanda ake yawan bayarwa don taifot, ko kuma tetracycline, ka kora da nono, sinadarin kalsiyam da ke cikin nonon zai kama maganin tun a hanji ya hana shi shiga jini yadda ya kamata. Ƙwayar ƙarin jini da farin maganin ƙwannafi su ma haka suke yi. Ana shan ciprofloxacin awa biyu kafin waɗannan, ko a jira kusan awa shida bayansu. To amma maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem, mai ɗauke da artemether da lumefantrine, shi abinci mai maiƙo yake so, nonon da ya hana wancan aiki shi ne ke taimaka wa wannan ya ratsa jiki. Shi ya sa tambayar da za ka yi wa masanin haɗa magunguna kafin ka bar kanta ita ce: “Malam, da me zan sha shi, kuma me zan guje wa?”

'Yan uwa mata, akwai wanda ya shafe ku kai tsaye. Rifampicin da ke cikin maganin tarin fuka yana sa hanta ta gaggauta narkar da ƙwayoyin tazarar haihuwa, har ciki ya shiga alhali ana shan su a kan ƙa'ida.

Sanin sunan sinadari yana kuma sauƙaƙa wa aljihu. Kamfanin da ya gano magani yana samun kariyar mallaka ta shekara 20, bayan ta ƙare wasu kamfanoni na da damar yin irinsa. Norvasc, maganin hawan jini da kamfanin Pfizer ya ƙirƙiro, da amlodipine mai rahusa da aka yi a Indiya ko a nan gida sinadari ɗaya ne, ƙarfi ɗaya, muddin mai rahusar ya samu rajista. Ba a yi asarar komai ba idan mai hawan jini ya ɗauki wanda zai iya saya kowane wata, domin mai tsadar da za a sha mako biyu a ajiye bai yi masa amfani ba. Sai dai masu farfaɗiya da masu shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kada su canza kamfani sai da sanin likita, saboda ɗan bambanci kaɗan yana tasiri a wurinsu.

Mai rahusa daban, jabu daban. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba kowane magani mai rajista lamba da ake bugawa a kwali tare da ranar ƙarewar wa'adi, kuma tun 2010 wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro, suke zuwa da wurin kankarewa a tura lambar ta saƙon waya a tabbatar. Yawancin kwalaye sun ce a adana ƙasa da digiri 30, don haka ƙwayar da ta wuni a faranti a kan mai talla cikin rana ba abin dogaro ba ce ko da asalinta mai kyau ne.

Ranar da za ka raka mahaifiyarka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, ka tattara duk abin da take sha a leda ɗaya, kowane da kwalinsa, har da jiƙo da garin maganin gargajiya da take kunyar ambata. Ka zazzage su a kan teburin masanin magunguna, ka bar shi ya karanta ƙaramin rubutun ɗaya bayan ɗaya kafin a ƙara mata wani sabo.