Ƙuri'a huɗu a hannun mutum ɗaya: zaɓen Cape Town na 1894

Tun da aka fara yaɗa labarin Ahmad Efendi, Musulmin da ya tsaya takara a wannan zaɓe, tambaya ɗaya ake ta maimaitawa: yaya mutum ɗaya zai jefa ƙuri'a huɗu a ce ba maguɗi ba ne? Wasu ma sun ɗauka attajirai kaɗai ake ba huɗun. Ba haka abin yake ba. Ku biyo mu.

Wannan ita ce Cape Town, a Afirka ta Kudu ta yau, a ƙarshen ƙarni na 19, ƙarƙashin mulkin Ingila. Yankin Cape ya samu majalisarsa tun 1854, kuma dokar zaɓen ba ta ambaci launin fata ba. Namiji, wanda ke zaune a gida ko fili mai darajar fam 25, ko mai albashin fam 50 a shekara, yana iya yin rajista. Ta wannan ƙofa Musulmin birnin suka shiga: teloli, magina, masunta, masu keken doki.

Ga Ahmad Efendi nan. Mahaifinsa, Abubakar Efendi, malami ne da Sarkin Daular Usmaniyya ya turo domin karantar da Musulmin Cape, ya iso a 1863. Usmaniyyar Turkiyya muke nufi fa, kada hankalinku ya tafi Sakkwato. Ɗan ne ya ce zai nemi kujera a majalisar wakilai.

To, a nan za mu ɗan zauna.

Birnin Cape Town yana da kujeru huɗu, kuma ba a yanka shi mazaɓu huɗu ba. Mazaɓa ɗaya ce, 'yan takara duka a jeri ɗaya, mutum huɗun da suka fi yawan ƙuri'a su ne suka ci. Tunda kujeru huɗu ne, kowane mai rajista yana da ƙuri'a huɗu. Kowa, tela da mai banki. Abin da ya bambanta Cape Town shi ne yadda ake kashe su. Kana iya ba mutum huɗu ɗaiɗai. Kana iya ba wannan biyu, wancan biyu. Kana kuma iya tattara huɗun ka zuba wa mutum ɗaya.

Ku kalli lissafin a allo. Misali ne kawai muka kafa domin abin ya fito fili. A ce masu zaɓe 1,000 ne, daga cikinsu 201 suka haɗa kai, kowa ya zuba huɗunsa ga ɗan takararsu. Ya tashi da 804. Sauran 799 suna da ƙuri'a 3,196, amma suna son cinye kujerun duka, dole su raba wa mutum huɗu, kowanne ya samu 799. Kun gani? 804 ta haura 799. Ko yaya suka juya rabon, sai ɗaya daga cikin huɗun nan ya faɗo ƙasa da 804. Wato jama'ar da ta ɗara kashi ɗaya cikin biyar na masu zaɓe, in ta tsaya a kan mutum ɗaya, ba mai hana ta kujera guda.

Inda ake ɓarar da ita kuwa wuri biyu ne. In suka tsayar da mutum biyu, 804 ta koma 402 kowanne, duka su faɗi. In kuma wasu suka ce bari in ba namu uku, in ba maigidana ɗaya, tazarar nan ta ƙuri'a biyar ta tafi.

Masu mulki sun iya wannan lissafi sarai. A 1892, zamanin da Cecil Rhodes ke firaministan Cape, an ɗaga sharaɗin dukiya daga fam 25 zuwa 75, aka ƙara da cewa sai mai neman rajista ya iya rubuta sunansa da adireshinsa da sana'arsa. Sannan a 1893, bayan an san Efendi zai fito, majalisa ta gyara doka ta soke tara ƙuri'a a Cape Town. Ƙuri'a huɗun suna nan, amma ba za ka ba mutum ɗaya fiye da guda ba.

Mu koma allo. Mutum 201 ɗin nan yanzu ƙuri'a 201 kawai za su iya ba nasu. Huɗun can kuwa kowanne yana nan da 799 ɗinsa. Ba a taɓa rajistar ko mutum ɗaya ba a wannan gyara, amma kujerar ta kuɓuce. A ganinmu wannan ya fi ɗaga sharaɗin dukiya ciwo, domin an auna mutum ɗaya ne aka canza dokar gari saboda shi.

Efendi bai janye ba. Abokan hamayyarsa huɗu suka haɗu a tikiti ɗaya, aka yi zaɓe a watan Janairun 1894. Ku lura da wani abu game da rumfar zaɓen: babu labule, babu lungu. An amince da ƙuri'ar sirri a dokar 1892, amma ba ta fara aiki ba tukuna, saboda haka a fili mutum ke faɗin wanda yake so, ko da mai gidan hayarsa na tsaye yana ji. Efendi ya sha kaye. Har aka rufe majalisar Cape a 1910, lokacin da aka haɗe Afirka ta Kudu, babu wanda ba Bature ba da ya taɓa zama a kujerarta.