Kanar David Shoup da Yaƙin Tarawa

Jama'a masu sauraro, ranar 20 ga Nuwamba, 1943, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin kundunbala na ruwa na Amurka suka far wa Betio, wani ɗan tsibiri da ke Tarawa a Tekun Fasifik, inda Japan ta girke mutum sama da 4,500 cikin ramukan tsaro na kankare da kututturen kwakwa. Tun da safe lissafi ya ɓaci, domin ruwan teku bai cika yadda aka zata ba, sai jiragen da ke ɗauke da sojoji suka maƙale a kan duwatsun murjani nesa da gaɓa, dole mazaje suka ratsa ruwa iya ƙirji ana yi musu ruwan harsasai.

Kanar David Shoup shi ne ke jagorantar waɗanda suka sauka. Ɓarɓashin bam ya same shi a ƙafa tun kafin ya taka ƙasa, raunin kuma ya ruɓe daga baya, amma bai yarda a janye shi ba. Ya kafa mazauninsa a jikin bangon wani ramin tsaro wanda har lokacin akwai sojojin Japan a cikinsa. Da yake ruwa ya lalata yawancin na'urorin sadarwa, da 'yan aike ya riƙa tattara rundunonin da suka tarwatse, yana tura kowace inda ake buƙatarta. A ganina nan ne jarumtarsa take, domin riƙe hankali a lokacin da dubban rayuka suka rataya a wuyan mutum ya fi kutsawa cikin wuta wuya. A rana ta biyu ya aika wa manyansa saƙo cewa asarar mazaje tana da yawa, ba a san adadin matattu ba, amma suna samun galaba.

Cikin sa'o'i 76 aka kama tsibirin, bayan an kashe sojojin kundunbala kimanin 1,000. Mutum huɗu aka bai wa lambar girmamawa mafi daraja ta sojan Amurka saboda wannan yaƙi, kuma Shoup kaɗai ya rayu ya karɓi tasa, a 1945. Birtaniya ma ta karrama shi.

Ya shugabanci rundunar sojojin kundunbala na ruwa ta Amurka baki ɗaya daga 1960 zuwa 1963. Bayan ya yi ritaya, a 1966 ya fito fili ya soki yaƙin da ƙasarsa ke yi a Biyetnam, bai kuwa sauya ra'ayi ba duk da sukar da ya sha. Ya rasu a 1983, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.