Murya Ce Ke Gaba, Zane Na Biye: Aikin Matan Da Ke Magana A Bakin 'Yan Katun

Akwai wani bidiyo da ke nuna wata mata a tsaye gaban makirufo tana magana da muryar yaro. Sunanta Tara Strong, 'yar ƙasar Kanada, wadda aka haifa a birnin Toronto a 1973, kuma muryar yaron da ke fitowa daga bakinta ita ce ta Ben Tennyson, jarumin shirin Ben 10 da tashar Cartoon Network ta fara nunawa a 2005. Duk lokacin da irin wannan bidiyo ya zagaya a intanet, mutane kan cika da mamaki, wasu ma su rantse cewa na'ura ce ta sauya muryar. Babu wata na'ura a ciki. Maƙogwaronta ne da horon shekaru.

Dalilin ba manyan mata muryar yara maza ba boyayye ba ne. Yaro yana balaga muryarsa za ta buɗe ta yi kauri, alhali shirin na iya shafe shekaru ana yin sa, ga kuma dokokin da suka taƙaita awannin aikin yara. A Japan, Masako Nozawa, wadda aka haifa a 1936, tana riƙe da muryar Goku na Dragon Ball tun 1986, kuma ita ce muryar 'ya'yansa biyu, Gohan da Goten.

Sai dai kuskuren da ya fi yawa game da wannan sana'a yana wani wuri dabam. Akasarin masu kallo suna ɗauka cewa ana gama zana katun tukuna, sannan a kira mai murya ta kalli allo tana bin bakin ɗan katun. A yawancin shirye-shiryen da ake ƙirƙira a Amurka da Kanada da Ingila, akasin haka ake yi, domin ita ce take fara aiki, masu zane su biyo bayanta.

Ku dubi ɗakin da mai muryar take aiki a ciki. An lulluɓe bangonsa da soso don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, a gabanta akwai makirufo da takardun labari, a bayan gilashi kuma darakta ne da injiniyan sauti. Abin da aka nuna mata bai wuce hoton ɗan katun guda ɗaya ba, wani lokaci da 'yan zane-zanen fensir masu nuna yadda labarin zai tafi. Daraktan zai ce mata yaron nan yana gudu ne a kan gada, abokinsa yana nesa, tsoro ya kama shi amma ba ya so a gane. Gadar ba ta wanzu ba tukuna, abokin ma wataƙila sai wani makon za a ɗauki tasa muryar, don haka dole ta gina nisan da hakin da tsoron duka a cikin jimla ɗaya. Za ta faɗe ta sau uku ko fiye, kowanne da salo dabam, a zaɓi guda.

Daga nan sai sautin ya koma hannun masu zane. Fim yana tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka akan rarraba maganarta harafi-harafi a kan wata takarda, a rubuta a wane hoto ne leɓɓa za su haɗu don furta "m" ko "b", a wane ne kuma baki zai zagaye don furta "o". Idan ta ja numfashi kafin ta amsa tambaya, za a zana ƙirjin yaron yana ɗagawa. Idan muryarta ta karye a tsakiyar kalma, mai zane zai karkata girar ido ta dace da wannan karyewar. Wasu kamfanoni har kyamara suke kafawa a ɗakin don masu zane su ga yadda fuskarta take motsi. A ganina, wannan shi ne hujjar da ta isa a kira ta 'yar wasan kwaikwayo cikakkiya, domin shawarar da ta yanke a cikin daƙiƙa biyu ita ce wasu za su shafe makonni suna zanawa.

Abin da mutane suke zato yana faruwa, amma a wurare biyu: a Japan, inda aka saba ɗora murya bayan zane ya yi nisa, da kuma wajen mayar da shiri zuwa wani harshe. A nan kam tana kallon allo, ana buga mata ƙara sau uku a kunne, ta shiga magana a daidai inda ta huɗu za ta faɗo, kuma dole jimlarta ta ƙare lokacin da bakin ya rufe. Wannan ma gwaninta ce mai wuya, sai dai ta wani fanni ce.

Sauran hanyar kuwa sananniya ce. Akan fara da koyon wasan kwaikwayo, a naɗi samfurin muryoyi na kamar minti ɗaya, a samu wakili mai nemo aiki, sannan a yi ta aika gwaji daga ɗan ɗakin naɗi na gida, mafi yawansu ba tare da an sami amsa ba. Strong ta sami babban aikinta na farko tana 'yar shekara 13, inda ta yi muryar Hello Kitty, daga baya ta koma Los Angeles. Wadda ta iya muryoyi da yawa ta fi samun kira, tunda a zama ɗaya za ta iya zama yaro da kakarsa da kyanwar gidan. Ihu da kuka da faɗuwa kuwa akan bar su sai ƙarshen zama, saboda idan maƙogwaro ya dishe tun da farko, aikin ranar ya tsaya ke nan.