Tattakin yaƙi da yunwa: yadda tafiyar ƙafa ke zama buhun dawa

Jama'a, assalamu alaikum. A Garwa ko Marwa, nan arewacin Kamaru, in ka ce wa tsoho mutane za su taka kilomita biyar don mai yunwa ya samu tuwo, zai dube ka ya ce, "Yaro, tafiya ai yunwa take ƙarawa." Yana da gaskiya. To ina kuɗin ke fitowa?

Daga alkawari. Kafin ranar tattaki, kowane mai tafiya zai zaga dangi, maƙwabta da 'yan kasuwar layinsu, ya ce, "Alhaji, duk kilomitar da na taka, nawa za ka ba da?" A rubuta suna da adadi. A ce mutum 200 suka fito, kowanne da masu alkawari 10, kowannensu sefa 100 a kilomita. Kilomita biyar ta ba kowane matafiyi sefa 5,000, jimilla miliyan guda ke nan, ba tare da an matsa wa aljihun kowa ba.

Dabarar ta yi suna a Amurka. A 1969, a garin Bismarck na jihar Dakota ta Arewa, kimanin mutum 1,000 suka yi tattaki suka tara dala 25,000, abin da ya zama mafarin tattakin CROP na ƙungiyar Church World Service. A tsarinsu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin yana tsayawa a garin da aka yi tafiyar. A Faransa kuwa 'yan makaranta ne ke zagaye fili da gudu, ana biya kan kowane zagaye, kuɗin ya tafi ƙungiyar Action contre la Faim, wadda aka kafa a 1979, kuma tana aiki a Kamaru da Chadi.

Masu tattakin CROP kan ce suna tafiya ne don wasu ma tafiyar suke yi neman ruwa da abinci. Mu nan ba sai an ba mu labari ba. Je ka duwatsun Mandara da rani, ka ga mata da jarkoki tun asuba, babu mai biyansu ko sisi.

Ga inda nake ganin ya kamata mu bambanta da Turawa: lokaci. Yunwarmu tana da kalanda. Daga Yuni zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, farashi ya hau, ga manomi na buƙatar ƙarfin noma. In sai a lokacin aka tashi tara kuɗi, hatsi mai tsada za a saya, rabin ladan ya tafi wa masu ɓoye kaya. Amma in an yi tattakin a Disamba ko Janairu, ga sanyi ga sauƙin tafiya, gero da dawa na araha, masakuwa, wato dawar rani, ma na shirin shigowa kasuwa. A saya, a adana, a fitar tsakiyar damina. Wanda kuma ya ce a yi a Afrilu, zafi ya haura maki 40, sai ya taka shi kaɗai.

Sauran aikin sananne ne: sanar da hukuma tun da wuri, neman albarkar Lamiɗo da limamai, ruwan sha a hanya, a tashi bayan sallar Asuba.

Sai wurin da irin wannan aiki ke yawan mutuwa, wato lissafi. Alkawari daban, cikawa daban. Wani zai ce ka dawo ran kasuwa, ran kasuwa ya ce ka dawo Juma'a. Gara a karɓa ta waya, wato Orange Money ko MoMo, saƙo ya zama shaida. Kada kuɗin riguna da lasifika ya cinye na hatsi. Makullin sito ya zama a hannun mutum uku, ba ɗaya ba. Ranar rabo kuma a karanta adadin buhuna a gaban jama'a, mai unguwa na zaune, a fara da gidajen marayu da waɗanda ambaliya ta ci gonarsu.