Ku auna jinin Baba yana tsaye

[Allon waya, saƙon WhatsApp yana wucewa]

Kun ga saƙon nan da ke yawo, wai duk wanda awon jininsa ya haura 120 bisa 80 yana bakin kabari? Kafin ku ƙara wa Baba ƙwaya saboda shi, ku dakata. Hawan jini yana shanye ɓarin jiki, babu musu, kuma magani yana da amfani ko mutum ya haura shekara 80. Amma dattijon da ke taka keke daga unguwar Pantami a Gombe zuwa kasuwa daban, wanda sai an kama shi yake miƙewa daban, ko da shekara ɗaya aka haife su.

[Hannun tsohuwa yana fama da murfin robar ruwa]

Rama ba dalili, hannu ba ƙarfi, tafiya ta yi sanyi, gajiya, yini a zaune. In uku daga cikin biyar ɗin nan suka haɗu, jiki ya yi rauni. A Ingila ma, ga wanda ya kai 80, abin da ake nema a awon asibiti shi ne ƙasa da 150 bisa 90, mai rauni kuma likita ya duba halinsa ya sassauta.

To ga inda ake kuskure. Kowa a zaune yake auna Baba, alhali ba a zaune yake faɗuwa ba.

[Dattijo yana tashi daga tabarma, buta a hannu]

Da mutum ya miƙe, wajen rabin lita na jini kan gangara ƙafafu da ciki. A jikin yaro, nan take jijiyoyi za su tsuke, zuciya ta ƙara bugu. Na tsoho sai sun yi shawara tukuna, ƙwayar hawan jini kuma tana ƙara musu jinkiri. Ƙwaƙwalwa ta rasa jini, ido ya yi duhu, sai a ji tim a hanyar makewayi da asuba. Karayar ƙugu a wannan shekarun, Allah Ya kiyaye, da yawa ba sa sake takawa.

Ga yadda ake yi. Baba ya kwanta minti 5, ba surutu. Ku auna, ku rubuta. Kada a cire abin ɗaurin daga damtse. Ya miƙe, wani na kusa da shi, hannun kuma a tallafe daidai ƙirji. Bayan minti 1 ku auna, a minti 3 ku sake. In lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, jinin yana faɗuwa ke nan. Misali 150 a kwance, 125 a tsaye. Ku tambaye shi ko ya ji jiri. Zai ce lafiya lau, kun dai san dattawa, don haka ku lura ko ya dafa bango. A yi haka da safe, kwana 3 a jere.

[Leda cike da magunguna a kan tebur]

Abubuwan da ke tsananta faɗuwar jinin: ƙwayar da ke sa fitsari irin su Moduretic, musamman a zafin Maris da Afrilu, ko da azumi, ko ana gudawa, Aldomet na hawan jini, maganin mafitsara na maza, maganin barci. Shi kuwa diclofenac da ake saye a kemis don ciwon gwiwa, jinin yake hawarwa, ya taɓa ƙoda.

Kada ku tsayar da magani da kanku. Ku kwashi ledar nan gaba ɗaya, har da na gargajiya, da takardar awon, ku kai Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Likita na iya rage ɗaya ko ya canja shi, ya fara amlodipine, wani maganin hawan jini, daga miligiram 2.5 maimakon 5. Kafin nan, Baba ya riƙa zama a bakin gado minti 1 kafin ya tashi alwala. In kuwa ya suma, ko baki ya karkace, ko ƙirji ya riƙe, ku ajiye na'urar ku nemi mota.